Sunan da akwatin bincike ya kasa gani: abin da ya faru da rajistar wata ƙungiyar manoma

Ranar farko ta rabon taki, wajen ƙarfe 11 na safe, layi ya riga ya kai bakin titi. Magatakardan ƙungiya na zaune a inuwar rumfa, kwamfuta a kan tebur. Mutum ya zo ya faɗi sunansa, magatakarda ya rubuta a akwatin bincike, dogon jerin sunaye ya tsuke ya bar layi ɗaya ko biyu, ya duba ko akwai sauran bashin bara, ya miƙa masa takardar karɓar buhu. Haka aiki ke tafiya har wani dattijo ya iso gaban tebur. Aka rubuta sunansa, allo ya ce: "Babu sakamako." Aka goge aka sake rubutawa, amsar ba ta sauya ba.

"Baba, sunanka ba ya ciki."

"Ɗana, shekara huɗu ina cikin ƙungiyar nan. Bara ma na biya bashina tun ba a gama kaɗe riɗi ba."

"Wallahi na san fuskarka, Baba, amma kwamfuta ba ta nuna ka ba. Koma gefe tukuna."

Ya koma gefe. Ya zauna har la'asar, sannan ya hau acaɓa ya koma ƙauye hannu rabbana. Sunansa kuwa yana cikin rajista, da shaidar cewa ya biya. Ni na gina manhajar, ni kuma na rubuta waɗannan kalmomi biyu da suka mayar da shi gida.

Ƙungiyar tana wani gari ne a arewacin Jigawa, kusa da iyakar Nijar. Manoman gero, wake, riɗi da zoɓo ne, mambobinta sun haura 5,000. Tana ba da rancen taki a farkon damina, buhu mai kilo 50, a biya bayan kaka. A da, rajistar na cikin manyan littattafai, daga baya aka kwashe ta zuwa Excel, sannan aka ɗauke ni in mayar da ita shafin intanet, yadda wakilan ƙauyuka za su riƙa yi wa mutane rajista ta waya, ofis kuma ya gani nan take. Kowane layi na ɗauke da suna, sunan mahaifi, ƙauye, lambar waya da lissafin bashi. A saman jerin na sa akwati ɗaya: duk abin da aka rubuta a ciki, manhaja ta tace ta bar layukan da ke ɗauke da waɗannan haruffa. Na gwada shi da sunaye irin su Musa, Sani da Hadiza, ya yi aiki, na wuce zuwa abin da nake gani ya fi wuya, wato lissafin bashi. Akwatin bai ci mini rabin yini ba.

Da shugaban ƙungiya ya kira ni a daren ranar, bai yi dogon bayani ba. Ya ce: "Injiniya, na'urarka tana ɓatar da mutane. Ka zo gobe ka zauna kusa da malam ka gani da idonka." Na zo. Kwana uku na yi a gefen magatakarda da littafi a hannu, duk sunan da ya ƙi fitowa ina rubuta shi yadda aka buga shi a akwati, da dare kuma in nemo yadda yake a ajiye.

Ƙugiya

Sunan dattijon yana farawa da Ɗ. Wakilin ƙauyensu matashi ne mai kula da rubutun Hausa, wayarsa na da allon rubutu mai haruffa masu ƙugiya, saboda haka ya rubuta sunan daidai yadda ya kamata. Kwamfutar ofis kuwa madannan Turanci ne da ita, babu ɗ, babu ƙ, babu ɓ. Magatakarda ya buga D, kamar yadda kowa ke yi. A idon mai karatu Ɗanladi da Danladi suna ɗaya ne, a wurin kwamfuta kuwa babu abin da ya haɗa su. Kowane harafi yana da lambarsa a Unicode, tsarin da kwamfutoci ke bi wajen tantance haruffa: D na da U+0044, Ɗ na da U+018A. A wurinta haruffa biyu ne daban, kamar D da Z.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne na ɗauka na riga na yi maganin wannan. Akwai wata dabara da masu gina shafuka suka saba amfani da ita, ana kiranta NFD: a warware harafi irin é na Faransanci ya koma e da 'yar alamar da ke kansa, sai a share alamar, a bar e tsurarta. Na sa ta tun farko saboda sunayen da ke zuwa daga Nijar, kuma tana yin aikinta a kan é da ï. Amma ƙugiyar Hausa ba alama ba ce da aka ɗora a kan harafi. A Unicode, ɓ (U+0253), ɗ (U+0257), ƙ (U+0199) da ƴ (U+01B4) cikakkun haruffa ne masu zaman kansu, ba sa warwaruwa. Dabarar ta bi ta kansu ta wuce ba ta taɓa su ba. A nahawu wannan shi ne daidai, domin ƙ ba k ba ce, wanda ya san bambancin kafa da ƙafa ba zai yi musu ba. A wurin neman suna kuwa, sai mai gini ya zauna da kansa ya gaya wa manhaja cewa waɗannan haruffa 'yan'uwa ne.

Akwai kuma wani rami a ƙarƙashin wannan. Rumbun bayanan da na fara da shi SQLite ne, kuma umarninsa na neman rubutu, mai suna LIKE, ba ya damuwa da babban baƙi ko ƙarami, amma a haruffan Turanci kaɗai. Musa da musa duk ɗaya ne a wurinsa, Ɗ da ɗ kuwa daban. Ko da magatakarda ya samu hanyar buga ɗ, idan ya buga ƙarama alhali an ajiye babba, dattijon ba zai fito ba.

Kuma ba hanya biyu kaɗai ake rubuta waɗannan sunaye ba. A cikin rajistar na tarar da Ƙasimu, Kasimu, K'asimu da Qasim. Na tarar da Bilƙisu da Bilkisu, Ruƙayya da Ruqayya, D'anjuma da 'Danjuma. Kowa ya yi dabarar da madannansa suka ba shi dama, kuma babu wanda za a ce ya yi kuskure a cikinsu.

Hamza

Matan ƙungiyar su suka fi shan wahalar hamza, domin A'isha da Sa'adatu sun cika rajistar, ga kuma Isma'ila, Sa'idu da Mas'udu a ɓangaren maza. Alamar da muke gani guda ɗaya a ido, a cikin kwamfuta aƙalla uku ce: miƙaƙƙiya ta kan madannai (U+0027), lanƙwasassa (U+2019), da wata ta musamman da ake ɗauka a matsayin harafi (U+02BC). Microsoft Word na mayar da miƙaƙƙiya lanƙwasassa da kansa, wayar iPhone ma haka take yi tun daga iOS 11 a 2017. Wani ɓangare na tsohuwar rajista an fara buga shi a Word kafin a kai shi Excel, saboda haka duk Sa'adatun da ke wannan ɓangare ba ta amsa kiran madannan ofis.

Excel ma ya yi nasa ta'adin. Idan aka fara rubutu a gurbi da wannan alama, yana ɗaukar ta a matsayin umarnin cewa abin da ke biye rubutu ne ba lissafi ba, sai ya ɓoye ta. Sunayen da suka fara da 'Yar ko 'Yan duk sun iso gare ni a gundule. Waɗanda aka rubuta wa suna da salon Nijar kuwa nasu ƴ ne, domin can haka ake rubuta abin da mu a Nijeriya muke rubutawa 'y. Shi dai Excel ɗin ne ya cinye sifirin farko na lambobin waya: lambar Nijeriya mai lamba 11 da ta fara da 0803 ta koma mai lamba 10 da ta fara da 803. Wasu wakilai sun rubuta da +234, masu layin Nijar kuma nasu +227 ne da lamba 8. Magatakarda in suna ya ƙi fitowa yakan gwada lambar waya, to ita ma sai ta ƙi.

Suna ɗaya, boko biyu

A nan aikin ya fi ɗaukar lokaci. A garin kan iyaka, gida ɗaya za ka samu wanda ya yi firamare a Nijeriya da wanda ya yi lakwal, wato makarantar bokon Nijar, a Damagaram. Uba ɗaya, suna ɗaya a baki, amma a takarda wannan Usman ne wancan Ousmane. Abubakar da Aboubacar, Sha'aibu da Chaïbou, A'ishatu da Aïchatou, Jibo da Djibo, Isiyaku da Issaka. Wakili yana kwafo abin da ya gani a katin mutum, magatakarda kuma yana buga abin da kunnensa ya ji.

Na fara gwada Soundex, tsohuwar dabarar da aka ƙirƙiro a Amurka tun 1918 don haɗa sunaye masu kama da juna a furuci. Tana riƙe harafin farko, ta mayar da sauran baƙaƙe lambobi uku. Ta haɗa Muhammad, Mohammed da Mahamadou a lamba ɗaya, M530, abin ya yi kyau. Amma Mahmud ma M530 ne, alhali wani suna ne daban. Usman da Ousmane kuwa ba za su taɓa haɗuwa ba tunda harafin farko ya bambanta. An gina ta ne don kunnen Turanci, na ajiye ta.

Na koma wani rumbun bayanan, PostgreSQL, wanda ke da wani ƙari mai suna pg_trgm. Shi yana yanka kalma gunduwa-gunduwa, haruffa uku-uku, ya duba gunduwa nawa kalmomi biyu suka yi tarayya a kai, ya ba da maki tsakanin 0 da 1. Idan ba a sauya masa ba, abin da ya gaza 0.3 ba ya ɗaukar sa a matsayin kama. Usman da Ousmane sun haɗu a usm, sma da man, uku cikin gunduwa 11 da suke da su a haɗe, wato 0.27. Kaɗan ya rage, amma bai kai ba. Da na fara mayar da ou ta koma u kafin a yanka, makin ya haura 0.6. Wannan ya nuna mini cewa na'urar auna kama ba ta wadatar ita kaɗai, sai an fara gyara mata rubutun da ilmin wanda ya san harsunan biyu.

Ilmin ma yana da iyaka. A rubutun Faransanci ch tana nufin sh, shi ya sa Chaïbou yake Sha'aibu. A Nijeriya kuwa ch tana tsayawa ne a madadin c, kamar a Bauchi da Bichi da Chiroma. Harafin c a Aboubacar k ne, a Ciroma kuwa c ne. Babu ƙa'ida ɗaya da za ta raba wannan gardama ba tare da ta ɓata wani wuri ba. Yusuf da Issoufou kuma, ko bayan duk gyare-gyare, gunduwa ɗaya tak suka haɗa. Balle a zo ga Muhammadu da Mamman, Abubakar da Habu da Garba, Ibrahim da Iro, waɗanda ba haruffa suka haɗa su ba, al'ada ce.

Wannan ɓangare magatakarda ne ya warware shi, ba ni ba. Na ce masa: "Malam, idan mutum ya ce maka Garba, wane suna kake tsammanin gani a katinsa?" Ya yi dariya ya fara jerowa, ina rubutawa. Kafin azahar mun cika shafi huɗu. Daga nan aka samu teburin sunaye 'yan gida ɗaya, wanda shi da kansa yake iya ƙara wa layi duk lokacin da ya ci karo da sabo. Shi ne kuma ya ce a ƙara gurbin laƙabi, domin akwai mutanen da ko maƙwabtansu ba su san sunansu na yanka ba, sai Maigero, ko Na-Allah, ko Ɗan'azumi.

Kalmomi biyu, ma'ana uku

Duk abin da na lissafa a sama kuskuren rashin sani ne. Wanda ya fi yi mini ciwo na sakaci ne. Saƙon "Babu sakamako" yana fitowa a hali uku mabambanta, ni kuma ban raba su ba.

Yana fitowa idan da gaske ba a samu sunan ba. Yana fitowa idan sabis ya yanke tambaya ba ta isa ba, domin na rubuta manhajar ta ɗauki rashin amsa a matsayin jeri marar kowa, kuma a garin sabis na ɗaukewa sau da yawa a yini. Yana kuma fitowa idan an bar zaɓin ƙauye a kunne. A gefen akwatin akwai wurin zaɓar ƙauye, kuma zaɓin ba ya gogewa bayan an gama da mutum. A waya ma ba a ganin sa sai an ja allo. Magatakarda ya tace mutanen ƙauye ɗaya da safe, ya manta, sai ya ci gaba da neman mutanen wani ƙauye a cikin jerin da ba za su taɓa kasancewa ba.

Shi kuwa magatakarda ma'ana ɗaya yake karantawa: wannan mutum ba ya cikin rajista. Mutum ne mai tausayi, ba ya son mayar da kowa, saboda haka tun watanni kafin ranar rabo ya riga ya samo wa kansa mafita. Duk wanda bai fito ba, sai ya yi masa sabuwar rajista. Da na bincika, na tarar da mutane masu layi biyu, wasu har uku. Wata baiwar Allah an rubuta rancenta a layin da ke da hamza lanƙwasassa, biyan da ta yi kuma ya shiga sabon layi mai hamza miƙaƙƙiya. A allo ta fito a matsayin wadda ta ci bashi ba ta biya ba, har an aika mata da saƙo ta hannun mai unguwa. A ƙauye wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ta zo ofis da rasit ɗinta a ƙulle a bakin zane, ta ajiye shi a kan tebur, ba ta ce uffan ba.

Abin da aka gyara

Ban taɓa sunan kowa ba. Yadda aka rubuta shi haka yake fitowa a allo da a rasit, da ƙugiyarsa da hamzarsa, domin ba na son a wayi gari manhaja ta koya wa mutane cewa Ɗ wahala ce a daina rubuta ta. A gefen kowane suna na ƙara wani ɓoyayyen gurbi, mabuɗin bincike. A can ake mayar da haruffa ƙanana, a sauke ƙugiya, a mayar da q ta koma k da ou ta koma u, a cire hamza kowace iri, a mayar da baƙi mai ninki ya zama ɗaya. Abin da magatakarda ya buga shi ma ta wannan rariyar yake bi kafin a kwatanta. Idan ya buga kalmomi biyu, kowacce ana neman ta daban a cikin suna, sunan mahaifi, laƙabi da ƙauye, ba tare da la'akari da wadda ta riga wata ba. Idan lambobi ya buga, ana kwatanta wutsiyar lambar waya ne, a bar 0 da +234 da +227 a gefe.

Ta fuskar sabis gyaran ba shi da yawa. Manhaja ta daina aika tambaya a kan kowane harafi, tana jira hannu ya tsaya na kusan sulusin daƙiƙa. Idan aka aika sabuwar tambaya, ana soke tsohuwar, domin a da amsar "Sa" takan iso bayan amsar "Sani" ta rufe ta.

Gyaran ya zo da tasa matsalar a makon farko. Rariyar ta yi faɗin ido. Aka buga Muhammad, sai ga ɗaruruwan layuka, da Mamman da Mahamadou da kowa. Mafi haɗari, Bara'u da Barau sun zama abu ɗaya a mabuɗi, alhali sunaye biyu ne, kuma akwai masu su a ƙauye ɗaya. Saura ƙiris a ba wani takardar wani. Sai na raba sakamako gida biyu: a sama waɗanda suka dace harafi da harafi, a ƙasa kuma, bayan layi mai kauri da rubutun "Masu kama da wannan suna", sauran. Kowane layi yana nuna sunan mahaifi, ƙauye da lambobi huɗu na ƙarshen waya, don magatakarda ya tambayi mutum kafin ya danna. A ganina manhaja ba ta da hurumin yanke cewa wannan Garba shi ne wancan Abubakar. Nata ta kawo su gaban mai ido da baki.

Saƙon nan kuma ya rabu uku. Idan sabis ne, allo na cewa da jan rubutu: "Ba a iya bincikawa ba, sabis ya yanke. Sake gwadawa." Idan akwai zaɓin ƙauye, yana faɗin sunan ƙauyen da aka duba da adadin mutanen da ke cikinsa, ga kuma maɓallin "Nemi a duk ƙauyuka". Idan an duba rajista gaba ɗaya ba a samu ba, yana faɗin haka a fili, ya ba da shawarar a gwada laƙabi ko lambar waya. Maɓallin sabuwar rajista ba ya buɗewa sai an nuna wa magatakarda sunaye mafiya kama ya tabbatar babu mutumin a cikinsu. Duk binciken da ya dawo babu kowa ana ajiye shi, ina duba jerin duk ƙarshen mako, daga nan teburin sunaye ke samun ƙari.

Dattijon ya dawo a rana ta uku, ina zaune a wurin. Lokacin gyaran bai kammala ba, da hannu na nemo layinsa. Shugaban ƙungiya ya ba shi haƙuri, ya biya masa kuɗin acaɓa na zuwa biyu daga aljihunsa. Ni ma na ce: "Baba, laifin nawa ne, ba na malam ba." Ya ce babu komai, ya tambaya ko ruwan da aka yi daren jiya ya kai wajenmu, ya sa yaro ya ɗora buhunsa a bayan babur.

Haɗe layukan da suka ninku bai yiwu da na'ura ba, domin kuɗi ne a ciki. Magatakarda da ma'aji suna ɗaukar su ƙauye-ƙauye, da tsofaffin littattafai da kwafin rasit a gabansu, in sun yi shakka su kira wakilin ƙauyen. Na baiwar Allah mai rasit a bakin zane shi aka fara gyarawa, kuma aka koma wurin mai unguwa aka gaya masa cewa ba a bin ta ko kwabo. Gurbin laƙabi har yanzu fiye da rabinsa babu komai a ciki. An bar cika shi sai lokacin karɓar biya bayan kaka, sa'ad da kowa zai zo ofis da ƙafarsa.